Takaba a Ƙarƙashin Rufin Bashi

Matso kusa, 'yar uwa, ja tabarmar nan ki zauna, ruwan nan ba yanzu zai ɗauke ba. Akwai maganar da ta tsaya mini a maƙogwaro tun shekaranjiya da na dawo daga wata ta'aziyya. Na haɗiye ta ta ƙi wucewa, na yi kaki ta ƙi fitowa. 'Ya'yana ba za su gane ba, su a wurinsu zance ya ƙare tuntuni. Ni kuwa duk shekara, da zarar hadarin farko ya taso daga bayan duwatsun Nyanya, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya bugi hancina, sai in koma wata damina da ta wuce shekara ashirin, kamar akuyar da aka ja da igiya.

Kin ji yadda ruwa ke dukan kwanon nan? Saurara da kyau. Ni Allah bai ba ni karatu mai nisa ba, amma ya ba ni kunne. Abin da na ji sau ɗaya ya zauna ke nan, har da muryar da aka faɗe shi da ita. To wannan kwanon da kike ji, da bashi aka rufa shi.

Mijina, Malam Isuhu, direba ne a wata ma'aikatar gwamnati. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana ɗauko wani oga daga Maitama, ya kai shi ofis, ya jira shi a gindin bishiya, ya mayar da shi gida. Da ɗan abin da yake ragewa ya sayi filin nan, tun Nyanya ba ta cika ta batse haka ba, tun ana jin kukan kwaɗi a inda yanzu kwandastoci ke ihu. Bulo-bulo ya gina shi. Ɗaki biyu muka rufa muka shiga, sauran ukun suka tsaya kai a buɗe shekara da shekaru, ciyawa ta fito a cikinsu, ƙadangaru suka mayar da su fadarsu. Kullum in ya dawo da magariba sai ya tsaya ya dube su, yana kaɗa makullan mota a yatsa, ya ce, "Hajara, ranar da aka ba ni kuɗin sallama, ranar zan sa wa ɗakunan nan hula. Mu zuba 'yan haya, mu miƙe ƙafa."

Aka sallame shi daga aiki, kuɗin sallama suka ƙi fitowa. Yau fayil yana teburin wane, gobe wane ya yi tafiya. Ana cikin haka wani abokin aikinsa ya haɗa shi da wani mai ba da lamuni a kan gidaje. Sunansa na yanka ba shi da amfani a nan. Kowa Alhaji Da-Sauƙi yake ce masa, domin kalmar ba ta barin bakinsa.

Da kansa ya zo ganin gidan. Na miƙa ruwa, na koma bayan labule ina ji. Murya ce mai laushi, kamar an shafa mata man shanu.

"Malam Isuhu, da sauƙi. Mu ba banki ba ne da za mu sa ka zarya. Ka ba mu takardun gida mu ajiye maka, ai sun ma fi tsira daga gara a wurinmu. Kuɗinka na fitowa ka kawo mana namu, ka ɗauki abinka."

Malam ya yi dariya. Ni ma na yi murmushi a bayan labule, Allah ya sani. Ba a yi mako ba kwano ya iso a bayan akori-kura, yana walƙiya har yana kashe ido. Har namu ɗakunan biyu aka sauya wa rufi. Na dafa wa kafintoci shinkafa da wake da mai da yaji, ina jin ƙarar guduma kamar kiɗan biki.

Daga nan ne muka fara sanin irin sauƙin. In wata ya ƙare Malam ya kai abin da aka yi alkawari, sai ya tarar da ofis a kulle. Alhaji ya yi tafiya, mai karɓa bai zo ba. Sai an kwana biyu a buɗe, a ce masa ya makara, akwai tara. Kuɗin ruwa suka fara haihuwa, 'ya'yansu ma suna haihuwa. 'Yan haya sun shigo, amma kuɗin hayar duk can suke tafiya. Da kuɗin sallamar suka fito daga ƙarshe, ko buɗe su bai yi a gida ba, can ya wuce da su. Ya dawo ya zauna a bakin gado bai cire hula ba. Na ce, "Malam, takardun fa?" Ya ce, "Sun ce da saura."

Bai ƙara kaɗa makulli a yatsa ba, ko na ƙofa. Ya rame, jini ya hau. A ƙarshen bazara, lokacin da hadari ke haɗuwa kullum ya watse ba ɗigo, zafi kamar an kifa wa gari tukunya, ya gama alwalar la'asar ya miƙe, sai ya tafi luu. Kafin a samo mota rai ya yi halinsa.

A ƙofar gidan nan aka yi masa salla. Mu mata muna ciki, amma bango bai hana ni ji ba. Limaminmu, Malam Habu, ya yi sanarwar da ake yi wa kowane mamaci: duk wanda yake bin marigayi wani abu, ya yi wa Allah ya zo ya faɗa a biya shi, ko ya yafe. Maza suka amsa gaba ɗaya, "Mun yafe, mun yafe." Da amsar ta lafa sai murya ɗaya ta biyo baya, a hankali, ba gaggawa.

"Akwai namu, amma ba yau ba. Da sauƙi. Allah ya jiƙan Malam."

Kin san abin da muka taso muna ji a bakin malamai da iyaye: mai bashi ba ya samun sakewa a kabarinsa, a rataye yake har sai an biya masa ko an yafe. Ban taɓa auna nauyin maganar nan ba sai ranar.

Washegarin sadakar bakwai ruwan farko ya sauka. Takabata da daminar tare suka kama hanya, wata huɗu da kwana goma, ba kwalli, ba turare, ba lalle, ba fita. Gwaggon Malam, kafin ta koma gida, ta damƙa mini 'yar wuƙa ta ce in riƙa yawo da ita ko bayi zan shiga, haka aka gada. Na riƙe. Abin da ke tafe mini ba abin da wuƙa ke kora ba ne, amma na riƙe.

Bari in gaya miki yadda yini yake wucewa. Tun kafin kiran asuba unguwa ta tashi, ma'aikata suna rige-rigen mota kafin hanyar shiga gari ta cushe. Ina jin takunsu a cikin taɓo, caɓal caɓal, ina tuna wanda a da yake cikinsu. In yi salla in hura wuta. Itacen jiƙaƙƙe ne, hayaƙi ya fi wutar yawa, idona ya yi ja, abin ya zame mini rufin asiri, ba mai tambayar ko kuka nake. In dama kunu tsararo, Nura da Sadiya su sha su tafi makaranta da leda a ka, Auta ya maƙale a zanina. Da hantsi in leƙa bayan gida inda na shuka masara da kuɓewa a ɗan lungun da ya rage. Masarar tana girma ina ƙirga ganyenta da ido, amma ganye ba ya shiga tukunya. Yunwar damina ai ita ce mugunyar yunwa: ko'ina kore shar, ciki kuwa wayam.

Alhaji ya aiko wa 'yan haya cewa daga yanzu shi za su riƙa biya. Ƙofar da muke samu ta rufe ke nan. Muka koma garin kwaki da gishiri, ranar da aka samu ƙuli-ƙuli ranar salla ce. Tafasa da ke fitowa a bakin kwata, wadda a da nake sa yara su nome, ita ta zama miya. In tafasa ta in zubar da ruwan farko, in sake tafasawa, in murza ɗan daddawa. Sadiya ta taɓa tambayata, "Umma, mu awaki ne?" Muka yi dariya har da riƙe ciki, daga baya na shiga ɗaki na toshe baki da zani.

In ruwa ya yi ƙarfi kwatar unguwa takan cika ta juyo mana cikin gida, jan ruwa mai ɗauke da ledoji da takalma marasa 'yan'uwa. Sai ki ga matan layinmu sun fito da robobi da kwanoni, zani a ɗaure a gwiwa, ana kwarfa ana miƙawa hannu da hannu, ana zagin masu zuba shara da harsuna huɗu. In an gama da gidanmu a wuce na gaba. Ni ba na fita, sai in tsaya daga zaure ina miƙa musu tsintsiya. Kaya ba sa bushewa, komai na warin sanyi, katifa, buhun gari, har littattafan yara. Sauro kuwa sai ka ce shi ma haya ya kama.

Kwanon sabo ne, amma akwai wuri ɗaya da kafinta ya kuskure ƙusa ya bar 'yar ƙofa kamar idon allura. Daidai saman inda Malam ke shimfiɗa buzunsa take. Nan ruwa yake ɗiga, ɗis, ɗis, ɗis.

Mama Ladi ce ta kawo tukunyar da na tara a wurin. 'Yar haya ce a ɗakin ƙarshe, mutuniyar Ushafa, 'yar Gbagyi, tana saro tukwane daga garinsu tana sayarwa a kasuwar Nyanya. Hausarta ba ta san mace ba, ba ta san namiji ba, amma ba a taɓa rasa gane abin da take nufi. Ita kaɗai ta ƙi bin umarnin Alhaji.

"Ni ban san wani Alhaji ba," in ji ta. "Baban Nura ne ya ba ni ɗaki. Shi ya mutu, matansa yana nan. Kai, Maman Nura, karɓi doya. Kai yana kallona kamar ni ne ya kashe shi."

Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci Alhaji yake zuwa. Ya tsaya a zaure, ni ina bayan labule, ƙamshin turarensa ya cika gidan da ba a dafa nama ba tun sadakar bakwai. Bai taɓa ɗaga murya ba. Da ma ya yi zagi, da na samu abin riƙewa.

"Hajiya, ya haƙuri? Ni fa ba don kaina nake wannan zarya ba, Allah ya rufa mini asiri. Malam Isuhu nake tausaya wa. Ke ga ki a ɗaki, ruwa bai taɓa ki, kin samu katifa kin kwanta. Shi fa? Kin san halin da mai bashi yake ciki a can. Ɗan abin da ya samu ki kawo, a rage masa nauyi."

Sai in kawo. Keken ɗinkina ya tafi. 'Yan kunnen aurena suka tafi, da tukunyar ƙarfe babba da nake ba da haya a gidan biki. Duk abin da na miƙa ta ƙarƙashin labule ya karɓa ya ce, "Allah ya kai haske kabarinsa," ko 'yar takardar shaida bai taɓa ba ni ba, ni kuma ina jin kunyar tambaya. Wa zai nemi rasit a kan sadakar mijinsa?

A lokacin ne na fara jin makullan. Da magariba, in ana yayyafi, sai in ji kacau-kacau a bakin ƙofa, daidai yadda yake kaɗa su. In ce Nura ya duba. Ba kowa. Na san iska ce take wasa da sarƙar ƙofa, na sani sarai. Amma sai in ji kamar mutum ne ya dawo gidansa ya tsaya a cikin ruwa, an hana shi shiga, an hana shi tafiya.

Da marka ta kankama, kwana da kwanaki ba a ga rana ba, sai Alhaji ya zo da wata magana.

"Hajiya, na yi tunani, wahalar nan ta isa. Juma'a mai zuwa zan zo da takarda ki dangwala yatsa, ki ba ni makullin gida. Ni kuma in tara liman da jama'a a ƙofar nan, in faɗa da bakina kowa ya ji: na yafe wa Isuhu duniya da lahira. In kama miki ɗaki a Masaka, in biya miki shekara. Da sauƙi. Ki sauke wa bawan Allah nan kaya ya kwanta."

'Yar uwa, kada ki ce wauta. Wallahi daɗi na ji. Na ji kamar an buɗe taga a ɗakin da ya cika da hayaƙi. Kafin la'asar na fara ɗaure kwanuka a zani.

Mama Ladi ta shigo aron ashana ta ga ƙullin kaya. Ta ajiye tallenta a hankali.

"Ina kai za ta?"

Na gaya mata. Ta riƙe haɓa ta dube ni tun daga sama har ƙasa.

"Maman Nura, kai yana da hankali kuwa? Wannan mutum ita ce ya cinye gidan ƙanena a Karu. Haka ya yi masa, da sauƙi, da sauƙi, yanzu ƙanena yana kwana a shagon mutane. Baban Nura ya ɗauki bulo a kai don yaransa ya kwana a Masaka?"

Na ce, "Mama Ladi, ba za ki gane ba, abin na addininmu ne. A rataye yake."

"To, a bar shi ya rataye kwana uku. Ni zan dawo."

Na yi fushi da maganar nan ƙwarai, ban amsa sallamarta ba da ta fita. Ashe ofishin wasu lauyoyi ta nufa, masu tsaya wa marasa ƙarfi ba tare da an biya su ba. Ƙanenta ya same su bayan ya riga ya dangwala, aikin gama ya gama. Ta riƙe hanyar a ka.

Ranar Laraba sai ga ta da wata 'yar siririyar yarinya mai tabarau, sun sauko daga acaɓa sharkaf, yarinyar ta riƙo takalmanta a hannu, taɓo har ƙauri. Na ɗauka mai allurar rigakafi ce. Mama Ladi ta ce, "Ga lauya." Na ce a raina, wannan ko kaza ta kama sai ta ƙwace.

Barista Rabi sunanta. Ta durƙusa ta yi mini gaisuwa yadda ya kamata, ta sha kunun da na miƙa mata ba ta yatsina fuska ba, duk da ba sukari. Sannan ta ce, "Mama, kin sa hannu a wani abu?"

"Tukuna. Sai jibi."

"Alhamdu lillahi," ta faɗa har da ajiyar zuciya.

Na ɗauko mata gwangwanin madarar da Malam ke tara rasit a ciki. Ta baje su a tabarma tana dubawa, ruwa na ɗiga a tukunya a gefenta. Ta jima. Da ta ɗago sai ta yi mini bayani dalla-dalla, kamar mai koya wa yaro tsinkar zogale. Abin da Malam ya biya ya haura abin da ya karɓa tun kafin ya rasu. Jingina ba ciniki ba ce, kuma ba mai ikon fitar da mu daga gidan nan sai kotu ta ce. Za ta nemo umarnin da zai tsayar da shi. Amma daga yau, ba kobo ta ƙarƙashin labule, ba yatsa, ba makulli.

Na ce, "To shi Malam fa?"

"Wane Malam, Mama?"

"Mai gidan. In na daina biya, wa zai sauke shi?"

Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafinta. Ba ta yi mini dariya ba, shi ya sa har gobe nake sa ta a addu'a.

"Mama, ni aikina na masu rai ne. Wancan ɓangaren a kira mana liman."

Malam Habu ya zo da lema, ya zauna a zaure. Barista ta gaya masa abin da ta gani. Ya yi gyaran murya ya ce, "Hajara, bashin da Allah ya sani shi ne abin da mutum ya karɓa da hannunsa. Abin da aka ɗora a kai riba ce, ita kuwa ba a bin mamaci ita, mai cinta ne yake da tambaya a gabansa. Isuhu ya biya. Ki kwantar da hankalinki."

Na ce, "Malam, ka tabbata?"

Ya ce, "Haka muka karanta. Allah shi ne masani."

Na san haka malamai ke rufe magana, ko me aka tambaye su. Amma kunnena ya ɗauki ƙarshen ya ajiye daban.

Juma'a ta zo da yayyafi. Alhaji ya iso da takardarsa da 'yar kwalbar tawada. Mama Ladi ta ƙi zuwa kasuwa, ta zauna a bakin ƙofarta da taɓarya a cinya, wai daka za ta yi, turmin kuwa ba komai a ciki. Barista tana zaune kusa da ni. Ta raɗa mini cewa ita za ta miƙa masa takardar kotu, amma kalmar farko daga bakina za ta fito, gidana ne.

"Hajiya, bismilla, miƙo hannun ta nan. Yau Malam Isuhu zai yi barci."

Na dubi Auta yana wasa da murfin kwalba a ƙasa. Na dubi tukunyar da ke ƙarƙashin ɗigon, a inda goshin Malam yake sauka. Hannuna har ya ɗaga da kansa, wallahi ya ɗaga. Na mayar da shi na danne da ɗayan.

"Alhaji, ba zan dangwala ba."

Barista ta ɗaga labule ta fita. Na ji ƙarar takarda. Sai Alhaji ya yi 'yar dariya ya ce, "Da sauƙi." Takunsa ya fita. A ranar ban iya cin komai ba, ina ganin na zaɓi masu rai na bar nawa a cikin ruwa.

Na fita takaba masarata ta nuna. Muka gasa ta a bakin murhu, yara suna ƙona baki don haɗama, na aika wa duk matan da suka taya mu kwarfa. Fitata ta farko bayan wanka, kotu na nufa. Shari'ar ta ci damina biyu. A ɗaga, a sake ɗagawa, yau lauyansa ba shi da lafiya, gobe alƙali yana taro. Barista ta nemo wasu da ya yi wa irin haka, muka zama kamar 'yan gida ɗaya a bencin kotu, ana raba gyaɗa dafaffiya. Ba ta taɓa karɓar ko kuɗin acaɓa a hannuna ba. A ƙarshe aka ce ya dawo mana da takardun gida, ya kuma mayar da abin da ya karɓa fiye da haƙƙinsa. Takardu sun dawo. Sauran kuwa, ya rufe ofis ya buɗe wani da sabon suna, ko allurar kekena ban sake gani ba.

A matakalar kotu, ana ta yi mini barka, Mama Ladi tana guɗa irin tasu, sai na ji ƙamshin turaren nan a kusa da ni. Ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji.

"Hajiya, gida kin ci. Amma ki sani, ban yafe wa Isuhu ba. Ko ƙwandala. Mu haɗu a can."

Barista ta ce in watsar, borin kunya ne. Liman ya ce wanda ba ya bin ka ba shi da abin yafe maka. Duk na yarda da su. Amma na gaya miki irin kunnen da Allah ya ba ni.

Yau ga shi Nura yana aiki, Sadiya tana ɗakinta da 'ya'ya uku, tafasa sai in na yi marmari. Unguwa ta cika har ba lungun da za a shuka masara. Masu ba da lamunin ma sun daina zuwa zaure, ta waya suke shigowa. Duk matar da na ji mijinta zai ba da takardun gida, nakan ce ta ja shi wurin lauya tun kafin tawada ta taɓa yatsa, har 'yan layinmu suna tsokanata da Barista Hajara. Mama Ladi ta koma Ushafa, can ta rasu. Tukunyarta ce waccan. Sau nawa Nura yana kawo kafinta ya toshe 'yar ƙofar nan ina hana shi. Yana cewa, "Umma, wannan wace irin al'ada ce?" Nakan ce ruwan sama ya fi daɗin shayi.

To, ran Litinin ina tsintar shinkafa, rediyo na gefe, sai na ji sanarwar rasuwa. Sunan yankan nan da ban faɗa miki ba. Za a yi sadakar uku a gidansa da ke Maitama.

Ban gaya wa kowa ba, na sa mayafi na hau mota. Shekarun da Malam ya yi yana zarya a unguwar nan, ni ban taɓa taka ta ba sai shekaranjiya. Tituna shiru kamar ba mutane, masu gadi a kowace ƙofa, wani yana ba furanni ruwa alhali da safe aka yi ruwan sama. Direbobi sun jeru a gindin bishiya suna jiran iyayen gidansu. Na kawar da kai.

Aka shigar da ni wajen mata. Ga matarsa a tsakiya, ba kwalli, ba ɗan kunne, ido ya kumbura. Na zauna a gefen kafet, aka ajiye mini shinkafa da kaza ban taɓa ba. Can sai lasifika ta ɗauka daga waje, limaminsu yana cewa duk wanda yake bin Alhaji wani haƙƙi, ya yi wa Allah ya zo ya faɗa a biya shi, ko ya yafe masa, domin a sauƙaƙa masa kwanciya. Ɗakin ya amsa, "Mun yafe, mun yafe."

Bakina ya ƙi buɗuwa.

Da na tashi tafiya na je na durƙusa gaban matar. Ta kama hannuna da hannu biyu, tafinta da sanyi.

"Baiwar Allah, daga ina? Kin san Alhaji ne?"

"Na san shi."

"Don Allah in ya taɓa ɓata miki, ki yafe masa. Mutum ne mai hulɗa da jama'a."

Na ce, "Allah ya ba ku haƙuri." Na zare hannuna na fito.

A motar dawowa, mun maƙale a cunkoson shiga Nyanya, ruwa na dukan gilashi, sai na gane abin da na yi. Kekena yana wuyansa. 'Yan kunnena, da tafasar da 'ya'yana suka ci, da hular da Malam bai cire ba a bakin gado. Shi ya tafi yana riƙe da nawa, ni kuma ga nasa a hannuna. Jingina na riƙe, yadda ya koya mini. In ya saki Malam a can, in sake shi a nan. Amma ta ina zan sani? Jiya da magariba na kasa kunne a bakin ƙofa har aka kira isha, sarƙar tana motsi, ban iya rabe ko makulli ɗaya nake ji ba ko biyu. Kuma ina ta tuna sanyin hannun matar nan. Yanzu ita ma ta shiga nata wata huɗun, daminar nan a kanta za ta ƙare.

Sadakar arba'in ɗinsa tana nan tafe, kuɗin motar Maitama kuma ba su fi ƙarfina ba. Ga tukunya can ta kusa cika, bari in tashi in juye. Amma kafin in tashi, 'yar uwa, ki dube ni ki gaya mini tsakaninki da Allah: in ke ce, za ki koma ki buɗe baki ki sake shi, alhali ba ki san ko ya saki naki ba?